Tsakanin Mai Ɗaki da Mai Awo: Darasin Gubar Dalma ta Zamfara

A farkon 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, agwagi suka fara mutuwa. Mutanen gari sun gani, sun yi zancen a tsakaninsu, amma babu wanda ya ɗauki mutuwar agwagwa labarin da za a kai wa hukuma, babu kuma hukumar da ta tanadi kunnen jin irin wannan labari. Ba a jima ba yara ƙanana suka shiga kwantawa: amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, sai rasuwa. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka jingina abin ga iska. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka iske sababbin kaburburan yara sun yi yawan da hankali ba zai ɗauka ba. Suka ba da maganin zazzaɓi, suka ba da na ƙwayoyin cuta, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka aika jinin wasu yaran ɗakin gwaji a Turai sannan aka gano sunan abin da ke kashe su: gubar dalma.

Aƙalla yara 400 ne suka rasu a wannan annoba, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Wanda ya bi labarin daga farko zuwa ƙarshe zai ga cewa ilimin da ake buƙata don ceton yaran nan rabe yake gida biyu. Rabi yana hannun mutanen gari, waɗanda suka san abin da ya sauya a rayuwarsu da ranar da ya sauya. Rabi yana hannun masu bincike, waɗanda ke da na'urar da za ta auna abin da ido ba ya gani. Tsawon lokacin da waɗannan biyu suka ɗauka kafin su haɗu, da rayukan yara aka biya shi. Wannan ita ce tambayar da ta shafi kowace al'umma da ke zaune kusa da ma'adini, ko masana'anta, ko gurɓataccen rafi: ta wace hanya kukan mutanen gari zai isa kunnen mai bincike da wuri, kuma ta wace hanya amsar mai bincike za ta dawo ta zama magani?

Yadda guba ta shiga tsakar gida

Haƙar zinari ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Abin da ya sauya shi ne farashi. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 zinari ya yi tashin gwauron zabi, har oza ɗaya ta haura dala 1,000 a 2009. Manomin da ke jiran damina ya ga buhun dutse ɗaya na iya kawo masa abin da gona ba ta kawowa a wata. Maza suka nufi ramuka, suna ɗauko duwatsun zuwa gida. Mata na farfasa su a tsakar gida, wani lokaci da turmi da taɓaryar da ake daka hatsi. Aka juya injinan niƙan gari suka koma niƙan dutse. A wanke garin a kududdufi, a shanya shi a rana inda yara ke wasa.

Dutsen da aka faɗa masa a wannan karo yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, abin da babu mai haƙar da zai gane da ido. Niƙa shi a bushe ya tayar da ƙura mai laushi, ta sauka a kan ƙasa, da tabarma, da hatsi, da ruwan randa. Yaro mai rarrafe hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. Hanjin ƙaramin yaro kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, sannan ƙwaƙwalwarsa tana cikin girma, can ne gubar ta fi yin ɓarna. Shi ya sa uba mai niƙan dutse ke tsaye da ƙafafunsa alhali ɗansa ɗan shekara biyu na jijjiga.

Da tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta iso tare da jami'an lafiya na Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Mayu 2010, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin watanni goma sha biyu, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. Da yawa ma sun wuce iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa. Ƙasar wasu gidajen ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na dalma, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ta san yaronta ya fara rashin lafiya ne bayan an kawo injin unguwar. Mai wankin gawa da liman sun san adadin yaran da aka kai makwanci tun girbi. Makiyayi ya san kududdufin da dabbobinsa suka sha suka kwanta. Duk wannan bayani ne da masanin annoba ke kashe makonni yana nema da takardar tambayoyi, ga shi kuwa zube a bakin mutane. Daga baya masu binciken da kansu sun amsa cewa mutuwar agwagin nan gargaɗi ce da aka rasa mai karanta ta.

Amma sanin mai ɗaki yana da iyaka, kuma faɗin haka ba raini ba ne. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Alamominta sun yi kama da na cututtukan da aka saba gani kowace shekara. Ko mahaifiya ta kai ƙarshen lura, ba za ta iya bambance ƙasa mai guba da marar guba ba. Wannan aikin na'ura ce da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi nauyin ƙarfen da ke ciki nan take, da digon jini daga yatsa, da wanda ya san ma'anar lambar da ta fito. Akwai kuma lokacin da al'umma ke zargin abu, a auna a ga ba shi ne ba. Nan ma mai bincike yana da amfani, domin yana kawar da tsoro daga inda babu haɗari ya mai da hankali inda yake.

Shi kuma mai awo, in ya zo shi kaɗai, na'urarsa ba ta san ƙofar da za ta shiga ba. Ba ta san gidan da aka yi niƙa bara aka daina ba, ko bangon da aka gina da tubalin ƙasar kududdufin wanki. Sai an nuna mata.

Katangar da ke tsakani

Katanga ta farko tsoro ne. A wasu ƙauyukan, da baƙi suka zo tambaya, mutane sun ɓoye cewa suna sarrafa dutse a gida, wasu ma sun ɓoye mutuwar yaransu. Ba rashin son 'ya'yansu ba ne. Sun san cewa da zarar maganar ta isa gwamnati, abin da zai biyo baya shi ne haramta haƙa, kuma haka aka yi. Mutumin da ya ga cewa faɗin gaskiya zai raba shi da abincinsa, zai yi shiru ko da shirun na cutar da shi. Duk mai binciken da bai fahimci wannan lissafi ba zai koma da alƙaluman da ba daidai ba, yana zaton jahilci ne ya sa aka ƙi ba shi haɗin kai.

Katanga ta biyu tarihi ne. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan labari yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya shigo ƙauye da allura yana neman jinin yara, ya sani cewa yana ɗauke da bashin da wasu suka ci kafin shi, kuma da gaskiya da haƙuri kaɗai ake biyansa.

Katanga ta uku tsarin gida ne. Gubar tana tsakar gida, wurin da baƙo namiji ba ya shiga. Mata ne ke tare da yaran dare da rana, su ne kuma suka san inda aka yi daka da inda aka yi shanya. Binciken da ya tsaya a zaure yana hira da mai gida ya rasa mafi yawan labarin. Sai da ma'aikata mata da yardar masu gida aka kai ga inda matsalar take.

Ta huɗu ita ce harshe da alkiblar sakamako. Mai bincike na jami'a yana rubuta abin da ya gano da Turanci, a mujallar da abokan aikinsa kaɗai ke karantawa, don a nan ƙarin girmansa yake. A Kano an daɗe ana auna ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, ana auna ƙarafa masu guba irin su kuromiyam a rafin Jakara da kayan lambun da ake shayarwa da shi. Kundayen digiri a kan wannan suna nan jibge a ɗakunan karatu. Manomin da aka ɗebi ruwa da latas a gonarsa yana da haƙƙin a dawo a gaya masa abin da aka gani, da Hausa, a bakin gonarsa. Ɗaukar samfuri a tafi ba a waiwayo ba cin amana ne, kuma yana rufe ƙofa ga duk wanda zai zo daga baya.

Inda haɗuwar ta yi aiki

Maganin fitar da dalma daga jini, wanda ake kira DMSA, ba ya amfani in yaro zai koma gidan da gubar take. Saboda haka MSF ta tsaya kan cewa sai an tsabtace ƙauye kafin a ci gaba da jinyar yaransa a gida. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith suka tsara aikin tare da ma'aikatar muhalli ta jihar, amma hannuwan da suka yi shi na mutanen gari ne. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka zuba a buhuna, aka binne a ramukan da aka keɓe, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Sarakuna da hakimai da dagatai suka ba da umarnin fitar da injinan niƙa daga cikin gari. Umarnin ya bi jiki domin ya fito daga bakin da mutane suka saba jin magana daga gare shi. Daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011 an tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Mutuwar yara ta faɗi ƙasa warwas.

Garin Bagega, wanda ya fi ƙauyukan nan girma, ya nuna wani darasi dabam. An auna, an san gubar na nan, an san yara kusan 1,500 na jiran magani, amma kuɗin tsabtacewa da gwamnatin tarayya ta yi alkawari bai fito ba. Rahoton masana kaɗai bai buɗe baitulmali ba. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da shaidun iyaye, matasa 'yan Nijeriya irin su Hamzat Lawal suka ɗauki kamfen ɗin ceton Bagega zuwa kafafen sada zumunta da majalisa, sannan a watan Janairu 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka tsabtace garin a shekarar. Alƙalami ya ba kukan mutane hujja, kukan kuma ya hana a ajiye alƙalamin a aljihun tebur.

A 2015 annobar ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Wannan ya tabbatar da cewa haramta haƙa ba ya hana haƙa, ɓoye ta kawai yake yi. A nan ne MSF da ƙungiyar OK International suka gwada wata hanya: zama da mahaƙan a tambaye su yadda aikin yake, a nemi gyaran da za su iya ɗauka ba tare da sun yi asara ba. Aka sa feshin ruwa a injinan niƙa don kwantar da ƙura, aka tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin komawa gida, aka raba wurin cin abinci da wurin aiki. Awo ya nuna ƙurar dalma a iska ta ragu ƙwarai, dalmar jinin mahaƙan ma ta sauka. Shawarar da ta bar wa mutum abincinsa ita ce ake bi bayan baƙi sun tafi.

A wasu wuraren ma mutanen gari ne suka fara neman masanan. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, garin haƙar yuraniyam, wani ma'aikacin ma'adinin, Almoustapha Alhacen, ya lura abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. Ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya nemi wata cibiyar awo mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, wadda ta zo a 2003. Awonsu ya nuna akwai ƙarafa masu ɗauke da tururin nukiliya da ake sayarwa a kasuwa mutane na amfani da su a gida. A birnin Flint na Amurka kuwa, bayan an sauya tushen ruwan famfo a 2014, mazauna sun yi ta ƙorafin launi da wari hukuma na cewa ruwan lafiya lau. Wata uwa, LeeAnne Walters, ta tuntuɓi Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech, mazauna da kansu suka ɗebi ruwa daga ɗaruruwan gidaje aka auna, aka ga dalma. Likitar yara Mona Hanna-Attisha ta tabbatar da haka a jinin yara, sannan hukuma ta amsa a 2015. A duka wuraren biyu, wanda abin ya dama ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Iyayen Dareta ba su da wannan ƙofa.

Abin da ya rage a gina

Wannan ƙofa ita ce aikin da ke gabanmu, kuma ba daga tushe za a fara ba. Yaƙi da shan-inna ya bar mana tsari da ya haɗa masarautu, masu unguwanni, ungozomai, limamai da jami'an sa ido kan cututtuka na kowace ƙaramar hukuma. Tsarin da ke iya kai rahoton yaro ɗaya da ƙafarsa ta shanye daga ƙauye zuwa Abuja zai iya kai rahoton rijiyar da ta sauya launi, ko kifin da ya mutu a rafi, ko kajin da suka ƙare a unguwa ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a gaya wa mutane cewa irin wannan labari ma ana son jin sa, a sa likitocin dabbobi a cikin zancen, a kuma tabbatar wanda ya kawo rahoto ba zai zama abin kamu ba.

Jami'o'inmu na Sakkwato, Gusau, Zariya, Kano, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram su zama wurin da dagaci ko ƙungiyar mata za su iya kai kwalbar ruwa ko ƙunshin ƙasa a auna musu. Kowace jiha mai ma'adinai ta mallaki na'urar auna ƙasa da ta auna jini, da mutanen da suka iya aiki da su. Kwamitocin da ke amincewa da bincike su sa sharaɗi cewa ba a kammala aiki ba sai an koma an yi wa mutanen bayanin sakamako da harshensu, a zaure, a makarantar Islamiyya ta mata, a gidan rediyo. Tun kafin a ɗebi jini a faɗa wa iyaye me za a yi da shi, wa zai gani, kuma in an sami cuta ina za a kai yaron. A bar al'umma ta sa baki wajen zaɓen tambayar da za a bincika. Mutanen Gashuwa da kewaye a Jihar Yobe sun shafe shekaru suna kukan yawan ciwon ƙoda. Irin wannan kuka shi ya kamata ya riƙa jan akalar kuɗin bincike.

Akwai kuma dalilin gaggawa. A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga gwamnatin Zamfara, bayan ta auna yara sama da 8,000 cikin kusan shekara goma sha biyu. Rashin tsaro ya sa ƙauyuka da dama na yankin sun yi wa baƙo wuyar shiga, zinari kuma ya fi tsada yanzu nesa ba kusa ba fiye da 2010, don haka haƙa ba za ta tsaya ba. Wanda zai fara ganin annoba ta gaba ɗan gari ne: malamin asibitin ƙauye, ungozoma, shugaban mahaƙa. Horar da su, da ba su lambar da za su kira a amsa, ya fi arha fiye da kankare ƙasar gari guda. Yaran da suka tsira daga gubar 2010 yanzu samari da 'yan mata ne, wasunsu na fama da raunin gani ko na fahimta da ba ya warkewa, kuma suna da haƙƙin a ci gaba da bibiyar lafiyarsu da karatunsu. Gwamnatocin jihohi su sa wannan a kasafin kuɗi, jami'o'i su sa shi a ƙa'idar bincike, masarautu su sa shi a cikin abin da ake tambayar hakimai.